Baba Ya Ce Ko Tsuntsaye Ma Sun Guje Shi

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, unguwarmu ɗaya da gidan mahaifina. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyu ke nan, bara kuma Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi yana magana, yana takawa da sanda, sai dai hannun hagu bai dawo ba, kuma yawancin yini a gindin darbejiyar tsakar gida yake yi. Lokacin da Mama take da rai tsuntsaye ba sa rabuwa da ita. In tana tankaɗe ko bakace, baiwar Allah da kurciyoyi har kan tabarmarta suke hawa, wani lokaci ma su ci a tafin hannunta. To 'yan watannin nan Baba ya sa ana sayo masa gero, kullum sai ya cika hannu ya miƙa yana kiransu, amma ko kusa ba sa zuwa, sai ya tashi daga wurin sannan su sauko. Rannan na ji shi yana cewa a hankali, "Ko tsuntsayen ma sun guje ni." Wallahi Anti sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Ɗan yayana ya ce zai kafa tarko ya kamo masa guda biyu a sa a keji, maigidana kuma ya ce a sayo kanari a kasuwa a huta. Ga wata maƙwabciya ta fara yaɗa cewa wai boka ne ya ba mu sadakar gero. Don Allah me zan yi?

Ƙanwarki daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta. Baba kuma Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne.

Kafin komai, ki kira yaron nan yau ɗin nan ki hana shi maganar tarko, tun bai yi gaban kansa ba. Na san don tausayin kakansa ya faɗa. Amma ranar da aka kama tsuntsu guda a tsakar gidan nan, yana ta fuffuka yana tsuwa, 'yan'uwansa na kan katanga suna gani, to sai an daɗe kafin wani ya sake sakin jiki da gidan. Tsuntsu a tashi ɗaya yake koyon tsoro, yarda kuwa sai a hankali. A 2006 wani masanin tsuntsaye mai suna John Marzluff, na Jami'ar Washington da ke Amurka, shi da ɗalibansa suka sa wata fuskar roba suka kama hankaki, suka ɗaura musu zobe a ƙafa suka sake su. Shekaru bayan nan, duk wanda ya ratsa harabar jami'ar da wannan fuska, hankaki na binsa da ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba, domin sun koya daga na gaba. Baiwar Allah ba ta kai hankaka wayo ba, amma ita ma ta san wurin da aka taɓa cutar da ita.

Akwai kuma abin da mai tarko ba ya gani. Tsuntsuwar da zai kama wataƙila tana da 'ya'ya a sheƙa, a cikin rufin ɗakin girki ko wani ramin katanga, suna jiran ta dawo. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa, ta zo tana ta shawagi a kansu, sai Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ban da haka, ƙaramin tsuntsun da ya girma a sake, in aka kulle shi, sau da yawa ƙin ci yake yi, ya yi ta dukan keji da kai har ya mutu. Ki duba halin da Baba zai shiga in ya wayi gari ya tarar da gawa a cikin kejin da aka rataya don a faranta masa.

Shawarar maigidanki ta fi sauƙi, kuma ba zan ce miki ajiye kanari laifi ne ba in ana ba shi ci da sha, wannan fagen malamai ne. Sai dai ki sake sauraron maganar da Baba ya yi. Kukansa shi ne an guje shi. Tsuntsun da ke cikin keji ba shi da inda zai je, don haka zamansa kusa da Baba ba zai amsa wannan kuka ba. Wanda yake da sararin sama gaba ɗaya, ya bar shi ya sauko gabansa, shi ne Baba yake jira. Kuma ana samun haka. Ba na yi miki alkawarin rana, amma hanya ce da mutane da yawa suka bi suka kai.

Akwai maganar da nake so ki gaya masa, cikin lallashi. Tsuntsayen da suka san Mama, mafi yawansu yanzu babu su. Baiwar Allah 'yar mitsitsiya ce, tsawonta kamar santimita 10, nauyinta bai kai giram 10 ba, kuma irin waɗannan ƙananan ba sa daɗewa a duniya. Kyanwa, shaho, maciji, sanyi, yunwa, kaɗan ne suke wuce 'yan shekaru. Shekara biyu babu mai tankaɗe a wurin, waɗanda ke zuwa yau 'ya'ya ne da jikoki, ba su taɓa cin abinci a hannun mutum ba. Saboda haka babu wanda ya guji Baba. Ba su san shi ba ne tukuna.

Ki kuma tuna yadda Mama ta same su. Na tabbata ba ta taɓa zama musamman don ta kira tsuntsu ba. Wuri ɗaya take zama, kusan lokaci ɗaya, shekara da shekaru. Idonta na kan rariya, hannunta na aiki iri ɗaya da suka saba gani, tsaki na zubowa gefen tabarma, ba ta kallonsu, ba ta kai musu hannu. Baba kuwa, saboda ɗoki, duk abin da ke tsorata su shi yake yi: yana miƙa hannu, yana kira, ya kuma kafa musu ido. Kin dai san yaro mai ƙiwuya. In ka miƙa hannu ka ce zo, sai ya ƙanƙame uwarsa ya fashe da kuka. In ka ƙyale shi ka ci gaba da hirarka, can sai ka ji yana jan bakin zanenka. To aikin Baba na farko shi ne ya janye hannun nan, ya daina kira.

Maganar ido ki ba ta muhimmanci, domin ita ce mutane suka fi rainawa. Kyanwa da sauran masu farauta idanunsu biyu a gaba suke, kuma kafin su kai cafka sai sun tsayar da su a kan abin da za su kama. Tsuntsu ya san wannan tun yana cikin sheƙa. A 2008 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun gwada da wani tsuntsu ɗan'uwan shaya, suka ga in mutum yana kusa amma ya kau da ido, tsuntsayen sun fi saurin saukowa kuma sun fi ci. Don haka Baba ya zauna a kaikaice, ya ba su gefen kafaɗa, ya riƙa satar kallo da wutsiyar ido. Ya riƙe carbinsa yana ja a hankali, ko ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa yana jin labaran safe. Murya mai tafiya daidai ba ta damunsu. Abin da ke tashinsu shi ne motsin ba-zata: a ɗaga hannu a kori ƙuda, a gyara hula da sauri, a juyo gaba ɗaya don a gani da kyau.

Sai abinci. Geron da ake sayo masa ya yi wa kurciya da hasbiya daidai, su haɗiya suke yi. Bakin baiwar Allah kuwa ƙarami ne, a daji 'ya'yan ciyawa take tsinta, shi ya sa tsakin Mama ya fi ja mata rai. A ɓarza geron a turmi sama-sama, ko a samo tsaki irin wanda ake ba 'yan tsaki, in kuma an samu acca a kasuwa to ita ce gaba da komai, ƙwayarta daidai bakinsu. Kada a ba su ragowar shinkafa mai mai da gishiri, ko burodi, ko hatsin da ya sha rima ya yi fumfuna, musamman gyaɗa da masara, gubar da ke cikinsu tana lalata hanta. Wanda na fi jin tsoro shi ne irin shuka da aka cuɗa da magani, mai launin ja ko shuɗi, da hatsin da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don ajiya. Abin da ba zai yi wa mutum komai nan take ba yana iya kashe tsuntsu mai giram 9. A sayi na ci, a wanke, a shanya ya bushe sarai.

Kuma a rage yawa. In aka watsa mudu guda a ko'ina cikin tsakar gida, suna da zaɓi, za su ci na nesa su ƙoshi su tafi, ragowar kuma ɓera ya samu. Cikin hannu ɗaya ko biyu ya isa, a zuba a kan faifai, a wuri ɗaya tak, gwargwadon abin da zai ƙare a zama guda. Ina so su gane cewa abincin nan da tsohon nan tare suke fitowa, tare suke komawa. In Baba ya tashi, a ɗauke faifan.

Ruwa kuwa a bar shi yini duka, don Allah, ba don horo ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi kafin saukar damina, kaskon ruwa ya fi buhun gero jan tsuntsaye. A samo kaskon ƙasa mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, a sa ɗan dutse a tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa. A ajiye shi a inuwa, inda Baba zai gani daga mazauninsa. Wannan kaɗai zai ba shi abin kallo tun makon farko. Kurciya takan tsoma baki ta zuƙa ba tare da ta ɗaga kai ba, ƙananan kuma su shiga su yi wanka su fantsama ruwa ko'ina, su hau reshe suna gyaran gashi. A yi kasko biyu, yau wannan gobe wancan, wanda aka ɗauke a wanke shi a kife a rana. Da haka an tsira daga sauro, an kuma rage cutar da kurciyoyi ke ɗauka a wurin shan ruwa.

Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe, bayan gari ya waye sarai, domin sun kwana ba su ci ba kuma ƙaramin tsuntsu ba shi da ajiya a jiki. Baba ya fito lokaci ɗaya kullum, ya zauna wuri ɗaya, in da hali da tufafi masu kama da juna. Rabin awa ta isa. A ajiye faifan a ƙasa, a nisan da suke yarda su ci yana zaune, ko da taku goma ne. Yadda za ku gane nisan ya yi daidai shi ne ku ga kawunansu a ƙasa suna ci. In kuwa tsinta ɗaya ɗaga kai ɗaya, wuya a miƙe, jiki a tsuke, to an matso da yawa. In suka yi kwana uku ko huɗu suna ci hankali kwance, a jawo faifan taku ɗaya. Ranar da suka ƙi sauka, a mayar da shi inda yake jiya, babu asara a ciki. Takun farko-farko da sauri suke tafiya. Na ƙarshe, daga taku biyu zuwa gefen ƙafa, shi ne mai cin lokaci, a nan sai a koma matsowa da taƙi-taƙi.

Ga wani abu da bidiyoyin Facebook suke rikita mutane a kai. Za ki ga Bature a Ingila ko Kanada ya ɗaga hannu sama cikin dusar ƙanƙara, ɗan tsuntsu ya taso daga reshe ya sauka a yatsansa. Waɗancan tsuntsayen a kan reshe suke neman abincinsu, kama yatsa a wurinsu ba baƙon abu ba ne, ga kuma yunwar hunturu tana tura su. Namu na tsakar gida, baiwar Allah da kurciya da gwara, a ƙasa suke kiwo. Da ƙafa za su iso hannun Baba, ba da fiffike ba. Mama a kan tabarma take, hannunta dab da ƙasa, shi ya sa abin ya yiwu. Baba kuwa yana kan kujera ya miƙa hannu a iska, inda ba su saba sauka ba.

To a nan sai a duba jikinsa. Ki tambayi masu yi masa gashi a asibiti ko zai iya zama a kan 'yar katifa a ƙasa, ya jingina da bango, da wanda zai kama shi ya tashi. In sun ce babu damuwa, shi ke nan. In kuwa zama ƙasa zai wahalar da shi, kada a tilasta, sai a hawo da tsuntsayen a hankali. Bayan sun saba ci a gefen ƙafarsa, a ɗora faifan a kan kujera 'yar tsugunno, in sun saba a ɗora a kan turmin da aka kife, har ya zo daidai inda hannunsa zai kwanta. Kurciya ce za ta fara hawa, ƙananan su biyo. Hannun dama zai yi amfani da shi, kuma lallai ya kasance a kwance a kan wani abu. Hannun da aka riƙe a iska, ko na saurayi ne, mintuna kaɗan zai fara rawa, kuma rawar nan suna ganinta.

Mataki na ƙarshe shi ne Baba ya kwantar da hannunsa a cikin faifan, tafi a sama, yatsu a buɗe, tsaki a kewaye da shi da kuma a cikinsa. Za su yi kwanaki suna cin na gefe suna kauce wa hannun. Kullum a rage na gefe kaɗan, har ya zama mai yawan yana cikin tafin. Wata safiya ɗaya daga cikinsu, kusan kullum akwai guda da ta fi sauran ƙarfin hali, za ta tsaya a bakin faifan, ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta miƙa wuya ta cafki ƙwaya ta yi tsalle baya. Ta sake. Sannan ta ɗora ƙafa a kan yatsa. Nauyin da zai ji kusan babu, sai 'yar kaifin farce da ɗan tsattsagar baki a fatar hannu. A wannan kusancin zai ga abin da ba a gani daga nesa: namijin ja ne, da siririn zobe rawaya kewaye da ido da 'yan ɗige-ɗige farare a gefen ƙirji, macen kuma ruwan ƙasa ce, da ɗan ja a gaban ido da gindin wutsiya.

Ki ja masa kunne tun yanzu game da wannan lokaci, domin zuciya za ta raya masa ya rufe yatsu, ko ya shafa bayanta, ko ya kira ki ki zo ki gani. Kada ya yi ko ɗaya. Ya bar ta ta ci ta tafi don kanta. Hannun da bai taɓa rufewa a kanta ba shi za ta dawo wa gobe, kuma sauran suna kallo, abin da ta yi shi za su kwaikwaya. Ku ma 'yan kallo ku haƙura da ɗaukar hoto a makon farko.

Wata nawa? Ya danganta da gidan da tsuntsayen. Akwai inda makonni suka isa, akwai inda sai an ci watanni, akwai kuma wanda za su tsaya masa a gefen tabarma ba su taɓa hawa hannu ba. Shi ya sa ba na so ku sa wa Baba hawa hannu a matsayin jarrabawar da za a ci ko a faɗi. Ranar da suka ci a taku biyar yana zaune, ki nuna masa cewa makon jiya a taku takwas suke. Ina ganin rashin lafiyar da ta zaunar da shi ta ba shi abin da mu masu kai-da-kawo ba mu da shi, wato zama wuri ɗaya ba gaggawa, kuma wannan aiki ba ya bukatar abin da ya fi haka.

Shi kuma mai tarko kada a kore shi, a ba shi muƙami. Shi ne mai wanke kasko, mai kulle kaji har a gama zaman safe, mai korar kyanwa, mai hana abokansa shigowa da danƙon harbi. Ki saya masa ɗan littafi ya riƙa rubuta waɗanda suka zo da nisan da faifan ya kai. Ku lura da inda kuka ajiye faifai da kasko: kusa da itace ko lalle don su samu mafaka in shaho ya kawo hari, amma kada ya manne da tarin itacen girki ko bayan randa inda kyanwa za ta laɓe. In kun jawo su ga abinci, amanarsu ta hau kanku. In ya iya sa ido, wataƙila ya ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, mai farin baki da jan ƙafa, yana bin baiwar Allah. Macensa a sheƙar baiwar Allah take saka ƙwai, a rena mata ɗa tare da 'ya'yan gida, namijin kuma in ya girma har kukan mariƙansa yake kwaikwaya. Kaka da jika za su samu abin hira.

Tsafta ba wasa ba ce, musamman ga dattijo mai jinya. Ya wanke hannu da sabulu bayan kowane zama, kafin ya taɓa abinci ko magani, kuma in akwai rauni a hannun a dakata har ya warke. A share kashin tsuntsaye, a ɗan yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi. In kuka ga tsuntsu ya takure, gashi a bubbuɗe, baki a jiƙe, yana ƙoƙarin haɗiya ya kasa, a ɗauke faifai da kasko na mako biyu ko fiye don taron ya watse. Mataccen tsuntsu ba a ɗauka da hannu tsirara. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jiharku aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a Fabrairun 2006, kuma ta sha dawowa tun daga nan. Duk lokacin da kuka ji sanarwar ɓullarta, ko kajin unguwa suka fara mutuwa, a tsayar da ciyarwa da hannu har abin ya lafa, kuma a kowane lokaci kada kajin gida su haɗa kasko da tsuntsayen waje.

Maƙwabciya kuwa kada ki ɓata bakinki. In ta yi maganar a gabanki, ki gaya mata hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face ya zama masa sadaka. Ki ƙara da cewa aikin marigayiya ne mijinta yake ci gaba da shi. Daga nan ki yi shiru.

Yanzu bari in bar tsuntsaye in dawo kan Baba, domin maganar nan tasa ta tsaya mini a rai. Ya ce ko tsuntsayen ma. Wato a lissafinsa akwai waɗanda suka riga su. Matarsa ta tafi, ƙarfinsa ya tafi, wataƙila abokan majalisa da na masallaci sun rage zuwa tunda ya daina fita. Likitoci sun san cewa kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki suna gamuwa da ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Ki sa ido. In barcinsa ya lalace, ko ya rage ci, ko yana yawan hawaye, ko ya daina son baƙi, ko ya ƙi motsa jikin da aka ce ya yi, ko kika ji yana cewa shi nauyi ne a kanku, to ranar da za ku koma ganin likita, a asibitin Shika ne ko a ina, ki faɗa wa likitan da bakinki. Dattawanmu ba sa kai irin wannan ƙara da kansu. Ki kuma bi abokansa biyu ko uku ki roƙe su su riƙa leƙowa bayan la'asar.

Ke ma, tunda kina kusa, ki riƙa zuwa zaman safen nan ko sau biyu a mako. Ki zauna gefensa, wuri ɗaya kullum, za su saba da ke kamar yadda suka saba da shi. Amma faifan nasa ne, kada ki karɓe masa aikin, ko da kin ga hannunki zai fi sauri. Ki tambaye shi yadda Mama take yi, a ina take shimfiɗa tabarma, wace ce ta fara hawa hannunta. Mai yiwuwa tun rasuwarta babu wanda ya ba shi dama ya yi hirarta, kowa na gudun kada ya tayar masa da hankali.

Abu ɗaya ya rage da za ki sanar da shi tun da wuri don kada ya zo masa ba-zata. In damina ta yi nisa, ruwa ya samu a ko'ina, sannan da kaka ciyawa ta zubar da 'ya'ya, gero ya nuna a gona, za su rage zuwa, wasu safiyoyin ma faifan zai wuni ba a taɓa ba. Abinci ne ya yawaita a waje, kuma lokacin ne da yawansu suke kan sheƙa. Ya ci gaba da fitowa a kan lokacinsa da ɗan tsaki kaɗan. In ciyawa ta bushe za su dawo, har da sababbin 'ya'ya a bayansu. In kuma aka kwantar da shi asibiti ko ya yi tafiya, yaron ya riƙa ajiye faifan a wurin a kan lokaci har ya dawo.

Ki gaishe mini da Baba, ki kuma rubuto mini in faifan ya iso gefen ƙafarsa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.